Nonona Ba Guba Ba Ne

Ɗakin masu jego,
Babban asibiti, Sakkwato.
Litinin.

Zuwa ga maigidana, Malam Jinaidu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, ya Ikko, ya kasuwa, ya gajiyar hanya? Ina fata shanun sun isa lafiya, babu wanda ya faɗi cikin mota. In ka tambayi jikina, da sauƙi, alhamdu lillahi. Ɗiyarka kuwa tana cikin kwalba yau kwana huɗu, da siririyar roba a hanci, na'ura na tura mata iska.

Na zaɓi takarda don na san halinka da waya. In na kira, kana tsakiyar kara cikin masu cinikin shanu, mutum goma na saurarenmu, sai ka yi ta ce mini to, to, sai na dawo. In na tura saƙon murya, ka kunna shi da ƙarfi gaban abokan ciniki. Wagga magana ta wuce to, to. Bawa direba zai tashi da shanu bayan la'asar, na roƙe shi ya damƙa maka ita hannu da hannu.

Na ji an gaya maka wai sanyi ne ya kama yarinya. Ba sanyi ba ne, kuma kai ma ka sani. Amma tunda ka fi son a riƙa yi maka bayani kamar baƙo, bari in ɗauko maka tun daga tushe.

Tun rasuwar Mama, shekara biyu ke nan, nake shan maganin ciwon damuwa. Kai da kanka ka kai ni wurin likita, lokacin da na daina zuwa makaranta koyarwa, na daina ko wanka, ina kwance ina kallon bango. Wannan alheri ne, ban manta ba, shi ya sa ma abin da ka yi daga baya ya fi ci mini rai. Da ciki ya shiga munka koma wurinsa tare. Kana zaune kusa da ni ya ce cikin jarirai dubu, ɗaya ko biyu kan zo da wani ciwo da jijiyoyin huhu ke ƙin buɗewa bayan haihuwa, ko da uwa ba ta sha komai ba. Mai shan irin maganina har ƙarshen ciki, lissafin kan ɗan ƙaru, ƙila ya kai uku. Ya ce haɗarin ƙarami ne, barin maganin ya fi shi haɗari gare ni da cikin duka. Sharaɗi biyu kawai ya kafa: in haihu a babban asibiti mai ɗakin jarirai, kuma in nuna takardar da ya rubuta a wurin awo, don a sa wa abin da zan haifa ido tun daga minti na farko.

Ina takardar, maigida?

Tun a bakin ƙofar likita ka karɓe ta, wai ni mai mantuwa ce. Muna isa gida ka juye ƙwayoyina cikin mazubin maganin ƙarin jini don kada mahaifiyarka Inna ta gani. Ka ce awo kuma sai a ƙaramin asibitin unguwa, tunda Gwaggonka Tani ce ungozoma a can, in munka tsallake ta za ta ce an raina ta. Da na ce to a nuna mata takardar, ka zaro ido, ka ce kafin magariba duk unguwarmu Minanata za ta ji ka auro mai taɓin hankali. Ka yi alkawari in wata ya matso za mu canza kati zuwa babban asibiti. Wata shida kana ce mini wata mai zuwa. Ni ma ban wanke kaina ba: ina da baki, na yi karatu, ina koyar da 'ya'yan mutane, amma na yi shiru don na ji daɗin ana rufa mini asiri. Wannan shirun sai na mutu ina jin haushinsa.

Naƙuda ta riga lokacinta da mako biyu. Da asubar Juma'a ta taso, na ce wa Inna a kai ni babban asibiti, ta ce tsoron haihuwar fari ne ke sa ni surutu. Na kira ka ina murƙususu na tambaye ka takardar. Ka tuna amsarka? Tana cikin aljihunka. A Ikko. Takardar haihuwata ta raka shanu kudu!

Da hantsi na haihu a hannun Gwaggo Tani. Yarinya ta yi kuka sau ɗaya, ƙasa-ƙasa, daga nan sai numfashi sama-sama, ƙirji na lotsawa. Na ce ku dubi leɓenta ya yi shuɗi. Gwaggo ta ce sanyi ne, a naɗe ta. Bayan azahar anka sallame mu. A gida Inna ta rufe tagogi, ta kawo kaskon garwashi, ta zuba turare, ɗaki ya turnuƙe, wai a kore sanyi. Yarinyar da ke neman iska, ita anka ba hayaƙi. Da na ga har tafin ƙafarta ya canza, na kira ɗan'uwana Yaya Gazali daga unguwar Mabera. Ban nemi izinin kowa ba. Da la'asar ya zo da motarsa, na fito da ɗiyata ko mayafi ban ɗaura daidai ba, Inna na bina tana faɗa wai mai jego ba ta fita.

Likitar jarirai, wata mace mai natsuwa, ta karɓe ta da gudu. Da sunka sa mata iska ta dawo ta tambayi wane magani na sha da ciki. Inna ta riga ni, ta ce na ƙarin jini kaɗai, ita shaida ce. Na dubi ɗiyata ta cikin gilashi, na faɗi sunan maganin, da shekarun da na yi ina sha, da sunan likitan da ya rubuta. Da ka ga fuskar Inna. Likitar ta ce ciwon nan ne na jijiyoyin huhu. Ta ce ba za ta iya rantsuwa maganin ne ya kawo shi ba, don yarinyar ta shaƙi ƙazantar ruwan haihuwa, shi ma yana kawo haka. Abin da ta tabbata shi ne awa shidan da munka ɓata sun wahalar da ita ƙwarai.

Inna duk ba ta ji wannan ba, kalma ɗaya ta ɗauka: ƙwaya. Jiya malaman asibiti sunka ce in fara tatsar nono a kofi, za su riƙa ɗura mata kaɗan-kaɗan ta roba. Inna ta zo da kunun kanwa ta tarar ina tatsa. Ta zuba kaɗan a murfin kwano, ta fita gindin dogon yaro ta kamo tururuwa ta jefa ciki, irin gwajin da tsofaffi ke yi. Tururuwa ta nutse. To wace tururuwa ce za ta yi iyo a nono, don Allah? Nan take ta yanke hukunci: nonona ya zama guba. Ta zazzage jakata ta ɗauke maganin. Ta ce ko dai in bar shi har abada a wanke mini nono da sassaƙe, ko kuwa ranar da anka sallami yarinya a miƙa ta ga ƙanwarka Hussaina, tunda ita ma goyo take, ta shayar da su biyu.

Wata tara na ɗauke ta. Ko sau ɗaya ban sa ta a ƙirjina ba, har an yi mata wata uwar.

Abu ɗaya nake nema gare ka. Ka zo, ka buɗe baki gaban Inna ka ce ka san da maganin, likita ne ya ce in ci gaba, kuma takardar na hannunka. Maganata ba ta da nauyi yanzu a gidanku, taka ce kaɗai za a ji.

Ka gaida mutanen masauki. Allah ya ba da kasuwa, ya dawo da kai lafiya.

Taka,
Bahijja.

*

Ɗakin masu jego,
Lahadi.

Zuwa ga Baban Sakinatu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da fatan ka tashi lafiya, ya gajiyar suna, ya baƙi? Allah ya raya Sakinatu, ya sa albarka a sunan. I, na rubuta sunanta, kuma ina kiransa da bakina kullum a jikin gilashi. Na ji ana cewa ba ni da kunyar ɗiyar fari. Kunya ta riga ta ci mana awa shida, ba ta ƙara cin ko minti.

Abin takaici, kana cikin garin nan amma sai na ba Yaya Gazali takarda ya kai maka. Tun da ka dawo ranar Alhamis ba ka yarda mun keɓe ba. Bawa ya tabbatar wa Yaya ya ba ka wasiƙata, don haka kada ka ce ba ka gani ba. Ka shigo asibiti Inna na gaba kana baya. Ka tsaya jikin kwalba ka yi wa yarinya huɗuba, na ga hawaye a idonka, zuciyata ta yi sanyi, na ce yau za ka yi magana. Inna ta sake maimaita hukuncinta gabanka, da Hussaina, da tururuwa, da komai. Na zuba maka ido. Ka sunkuyar da kai ka ce a bari yarinya ta fito tukuna. Shi ke nan abin da ka iya! Kai da ke tsayawa gaban bijimi mai faɗa ka kama ƙahonsa, ka kasa haɗa ido da mahaifiyarka ka faɗi jimla uku.

Labarin suna ya iso mini har nan, ba sai ka wahala ba. An yanka rago biyu, kamar yadda ya dace da gidan masu nama, an yi tuwo, an raba goro. Babu uwa, babu jaririya, sai labarinsu. Matar Yaya ta je ta dawo tana kuka. Ta ce a tsakar gida, gaban mata sun fi hamsin, Inna ke bayanin cewa ashe matar Jinaidu 'yar ƙwaya ce, maganin mahaukata take sha a ɓoye, shi ya ƙone wa jaririya huhu, kuma ɗanta bawan Allah bai san komai ba. Bai san komai ba! Kana zaure kana amsa barka. Asirin da ka ce kana rufa mini har ka ɓoye takardar likita, ga shi an raba shi tare da naman suna, kowa ta tafi gida da kasonta.

Yanzu bari in gaya maka abin da ban gaya wa kowa ba sai likita. Da Inna ta ɗauke maganin ban nemi wani ba. Na ce a raina, in wannan ne kuɗin ɗiyata, na bari. Kwana huɗu ban sha ba. Rana ta biyu jiri ya fara, wani abu na fizgata cikin kai kamar na taɓa wayar lantarki. Barci ya ƙaurace. Abinci ya ƙi shiga, nonon ma da ake rigima a kansa ya ja baya, in tatsa in tatsa bai rufe gindin kofi ba. Rana ta huɗu tsohon baƙin ciwon nan ya dawo, wanda ka sani. Ina tsaye gaban kwalba da rana tsaka na ji wata murya cikin raina na cewa ai gaskiyarsu, Hussaina ta fi ki, yarinyar nan za ta fi jin daɗi in babu ke a duniya. Na yarda da ita, Baban Sakinatu. Na kusa awa ɗaya ina yarda da ita.

Likitar jarirai ce ta lura. Ta ja ni ofishinta ta zaunar, ta tambaye ni yaushe rabona da magani. Ba ta yi mini faɗa ba, amma ranta ya ɓaci. Ta kira likitana a waya, kafin la'asar ya zo da kansa. Su biyu sunka zaunar da ni sunka ce abin da ke shiga nono daga irin maganina ɗan kaɗan ne ƙwarai, mata da yawa na shayarwa suna shansa, kuma za su ci gaba da duba ta. Sunka ce a halin da huhunta ke ciki babu abin da ya fi mata nonon uwarta, kuma uwar da ta kwanta ba ta shayar da kowa. Na koma kan maganina tun daren Alhamis. Yana hannun malamar ɗakinmu, ita ke ba ni kowace safiya, sai Inna ta zo ta zazzage ta in ta isa.

Ba na jin haushin Hussaina. Jiya ta zo ta zauna tana ta murza gefen mayafi, ta ce ita ba ta nema ba, umarni anka ba ta. Ko Inna ma, in na natsu, na san tsoro ne ke ɗawainiya da ita, abin da ta gada take yi, kuma da labarin da anka ba ta take aiki. Wanda ya san gaskiya ya zauna a kanta shi nake jin haushi.

An rage wa Sakinatu iska jiya, ta jure. Yau ta buɗe ido ta daɗe tana kallon fitila. Sun ce in ta ci gaba haka, cikin kwana goma za a iya sallamarmu. Kwana goma ke gare ka ke nan. Ban roƙe ka ka yi wa mahaifiyarka rashin kunya ba, Allah ya kiyaye. Gaskiya kawai na ce ka faɗa mata, ka fito da takardar ka karanta mata.

Ka gaida Inna, duk da haka. Ka gaida Hussaina da yaronta.

Matarka,
Bahijja.

*

Gidan Yaya Gazali,
Mabera.
Laraba.

Zuwa ga Baban Sakinatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa, ina fata kana lafiya, ya mutanen gida, ya jikin Inna da ciwon ƙafarta? Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Ka ga adireshin da ke sama, ba kuskure na yi ba.

Na san jiya kun je asibiti da azahar da mota, kai da Inna da Hussaina, kun tarar gado wayam. Da safe anka sallame mu. An cire mata roba tun ranar Asabar, ta kwana uku tana numfashi da kanta, likita ta auna ta ta sake aunawa, ta ce mu dawo bayan mako biyu. Ni na roƙi a sallame mu da wuri, ni na kira Yaya. Kada ka ga laifinsa, ya ma so a jira ka, na ce in bai zo ba zan tari Napep.

Dalili kuwa shi ne zuwan Inna na ranar Litinin. Ta shigo ita kaɗai, ba kwano, ba faɗa, ta zauna bakin gadona tana magana ƙasa-ƙasa. Ta ce ka same ta a ɗaki ka gaya mata komai, har ka nuna mata takardar. Wallahi da na ji haka sai da ƙwalla ta zubo mini, na ce a raina ashe dai mijina yana nan. Sai ta ci gaba. Ta ce maganar ta tsaya tsakaninmu mu uku. Kai namiji ne, kana da mutunci a kara, ga Gwaggo Tani da aikinta, in anka ji ka ɓoye takardar likita har jaririya ta kusa tafiya, da wane ido za ka dubi mutane? Ta ce in rufa maka asiri, ai mace tufar mijinta ce. Game da nono kuwa, tunda an riga an faɗa gaban jama'a cewa Hussaina za ta shayar, janyewa yanzu zai sa a yi tambaya. A bar yarinya wurinta ko wata uku ne, in ƙura ta lafa a dawo mini da ita a hankali.

Na tambaye ta ko ka san da wannan shawara. Ta ce tare kunka yanke.

Kai, Jinaidu! Yau na kira sunanka kai tsaye, babu Malam, ka yafe mini ko kada ka yafe. Ni an tsaya tsakar gida an kira ni mahaukaciya gaban mata hamsin, babu wanda ya tuna ina da mutunci, ina da ɗalibai, ina da iyayen ɗalibai da zan haɗa ido da su. Kai kuwa naka laifin a ɗaki anka faɗe shi, ƙofa a rufe, kuma ɗiyata ce za a ba da don kada ya fito. Kwana ashirin ina jiran ka buɗe baki, da ka buɗe kuma kanka ka ceta.

To ka kwantar da hankalinka, ba zan bi gida-gida ina tona ka ba. Ba don Inna ta roƙa ba, don kai uban Sakinatu ne, kuma ban manta wanda ya ɗauke ni ya kai ni asibiti lokacin da ba na iya tashi ba. Ina sonka har yanzu, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Amma wanda duk ya tambaye ni, zan ce ina da ciwon damuwa, ina shan magani, likita ya sani, mijina ya sani. Ƙarya dai na gama yi wa kowa.

Saki ban nema ba, kada a kai maka wani labari. A nan zan yi wankan jegona, matar Yaya ta riga ta ɗora tukunya. Ƙofa a buɗe take, ka zo ka ga ɗiyarka duk lokacin da ka so, Inna ma ta zo, za a shimfiɗa mata tabarma. Komawata Minanata kuwa sai ranar da Inna ta tara matan da ta gaya wa waccan magana ta gaya musu wagga, kana tsaye. In hakan ya yi muku nauyi, ku sani wanda kunka ɗora mini ya fi shi, kuma na ɗauka da ɗinki a jikina.

Hussaina ta riƙe nononta ga yaronta, Allah ya raya mata shi.

Ka yi haƙuri da rubutun, na ga layin sai karkacewa yake. Da hannu ɗaya nake yi, ɗayan na tallabe da kan Sakinatu. Tun ranar Asabar ta kama, da ƙyar da farko, tana sha tana hutawa tana haki. Yanzu kuwa ja take yi da ƙarfi har ina jin zafi, in ta ƙoshi ta saki, ta yi ajiyar zuciya, nono na gangarowa ta gefen bakinta. Leɓenta ja ne, na duba ya fi sau ɗari.

Ka huta lafiya.

Uwar Sakinatu,
Bahijja.